Babi na 7: Sa Sifesa Idan Sabon Birki Yana Gogar Rim

Darasi na 1: Me ya hana taya zama?

Sannunku da ƙoƙari. Wanda ya iso wannan babi ya iya cire taya da mayar da ita, don haka kada gabanka ya faɗi.

Ɗaga mota da jak, ka tokare ta da ƙarfen tokari, sannan ka cire taya. Faifan ƙarfen da kake gani shi ne faifan birki. Ƙarfen da ya rungume shi ta gefe sunansa kalifa, shi ke matse faifan idan ka taka birki. Wurin da taya take zama, mai kusoshi, shi ne hob. Idan aka sa babban birki, irin na kamfanin Brembo, kalifarsa takan fi ta asali kauri, sai ta riƙa gogar hannayen rim ta ciki. Sifesa faifai ne na alminiyom mai ramuka da ake sawa tsakanin hob da rim, ya turo taya waje kaɗan.

Duba inda ake gogar. Idan hannayen rim ne, sifesa zai yi. Idan kuwa saman kalifa ne yake taɓa cikin kewayen rim, rim ɗin ne ya yi ƙanƙanta, sai ka nemi babba, daga inci 16 zuwa 17 misali.

Don sanin kaurin da kake bukata, jera washa a kan kusoshi, ka sa rim, ka juya da hannu. Ƙara washa har sai ka samu tazarar milimita 3 tsakanin kalifa da rim. Auna kaurin washar, shi ne kaurin sifesanka. Ka cire su. Gwaji kawai aka yi da su, ba a tuƙi a kansu.

Darasi na 2: Zaɓen sifesa

Ƙirga ramukan kusa, sannan ka auna ramin tsakiya. Yawancin Toyota Camry da Honda Accord ramuka 5 gare su, kuma faɗin da'irar da suke kai ɗaya ne, milimita 114.3. Amma ramin tsakiya na Toyota milimita 60.1 ne, na Honda 64.1. Ka ga sifesan wannan ba na wancan ba ne. Nemi wanda ya zauna daram a kan hob, mai ɗan leɓe da rim zai hau. Idan babu wannan, sitiyari zai riƙa rawa in ka yi gudu.

Darasi na 3: Ƙirga zagayen noti

Nan ne ake tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali.

Sifesa yana cin tsawon kusa. Duk milimitar da ya ɗauka, noti ya rasa ta. Kusar yawancin Toyota da Honda kaurinta milimita 12 ne, kuma duk zagaye ɗaya noti yana shiga milimita 1.5. Ƙa'ida ita ce noti ya kama kusa gwargwadon kaurinta, wato milimita 12. Zagaye 8 ke nan. Sifesa mai milimita 5 kaɗai yana cinye fiye da zagaye 3.

Goge tsatsar hob da buroshin ƙarfe. Sa sifesa, sa rim. Ɗora noti a bakin kusa, ka yi masa alama da alli. Juya da hannu. Duk lokacin da alamar ta dawo sama, zagaye ɗaya ke nan. Faɗa da baki: ɗaya, biyu, uku, har noti ya tsaya. Ka kai 8? Madalla. Ba ka kai ba? Tsaya, kusar ta yi gajarta, sai an canja ta da doguwa.

Sake kwance notin ka ƙirga. Ba don ka yi kuskure ba, don hannunka ya saba. Yanzu koma kan kusa ta biyu, ka ƙirga. Ta uku ma haka, har ta biyar. Nissan da Subaru zaren kusarsu ya fi laushi, duk zagaye noti yana shiga milimita 1.25 ne, su zagaye 10 ake nema. BMW da Mercedes da Volkswagen kuwa ba noti suke da shi ba, kusar ce ake ɗaurawa cikin hob, sai ka sayi wadda ta fi ta asali tsawo daidai da kaurin sifesa, ita ma ka ƙirga.

Na sha ganin ɗalibi ya ji noti ya yi tauri a zagaye 4, ya ce ai ya ɗauru. Bai ɗauru ba! Tauri daban, kamu daban. Noti mai zagaye 4 zai iya tsinke zare a kan hanya, taya ta fita da mutane a cikin mota. Haba jama'a, ƙirga zuwa 8 wane irin wahala ne? Wanda ya ƙosa da ƙirga, ya ajiye sifana. Koma ka ƙirga.

Darasi na 4: Ɗauri

Sa sifesa iri ɗaya dama da hagu. Kada ka shafa gris a zaren kusa. Ɗaure noti a tsallake, wannan sannan na gabansa, kamar zanen tauraro, da sifana mai auna ƙarfi, daidai da lambar da ke littafin motar. Sifesa mai kauri, kamar milimita 20, yana da nasa kusoshi: a ɗaure shi a hob, sannan a ɗaure rim a kansa. Nan ma ka ƙirga zagaye.

Darasi na 5: Bayan aiki

Murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka ga ko taya tana taɓa bodi. Sifesa yana ƙara wa boris nauyi, ka riƙa sauraron ƙara. Bayan tafiyar kilomita 100, sake gwada ɗaurin kowane noti.