Kurakuran da ake maimaitawa a bikin coci, daga lissafin dala zuwa ragon tombola

Na daɗe cikin kwamitin shirya bikin shekara na wani ƙaramin cocin Katolika a jihar Maraɗi, bikin da muke kira kermes, kuma duk lokacin da aka zaɓi sabon kwamiti sai na ga an taka ƙayar da muka taka, a daidai gurbin da muka taka ta. Tun da aka raba diyosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, na Maraɗi da na Yamai a 2001, jama'armu ba ta daina zama haɗin gambiza ba, domin a benci ɗaya za a tarar da Bahaushe da mutumin Benin da na Togo da na Burkina Faso da ɗan kasuwa Igbo daga Najeriya. Daga wannan cakuɗa ne kuskuren da ya fi cin aljihuna ya fito.

Kuskuren shi ne yanka farashi da baki ba tare da an rubuta ba. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce ta sefa, saboda haka idan ya ce ashirin, faran 100 yake nufi, idan ya ce ɗari, faran 500, jikka kuma faran 1,000. Wanda ya tashi a Kwatano ko Lome, ya koyi Hausa a bakin kasuwa, yana iya jin ɗari ya ɗauka faran 100 ne, shi kuma wanda ya shigo daga Jibiya naira ce take fara zuwa masa a rai. A shekarar da nake ma'ajin kwamiti mun sayi rago a kan jikka 80 domin tombola, wato ƙuri'ar da ake sayen tikiti, wanda aka zaro lambarsa ya ɗauki kyautar, muka buga tikiti 300, muka tsayar a taro cewa kowanne ɗari ne, kowa ya gyaɗa kai. Muka ba wani saurayi mai ƙwazo, wanda bai daɗe da zuwa daga Benin ba, tikiti 200, kafin rana ta take ya sayar da su kaf, har Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya miƙe yana yaba masa a lasifika. Da yamma ya kawo mini jikka 20 maimakon jikka 100. Da aka haɗa da jikka 50 na sauran tikitin, kuɗin rago ma bai fito ba, ni na cike jikka 10 daga aljihuna, rufin ɗakin koyarwa da aka shirya bikin dominsa kuwa sai da ya ƙara cin wata damina yana yoyo. Yaron ba shi da laifi ko kaɗan. Laifin namu ne, mu manya da muka zauna awa biyu muna gardama kan launin yadin anko, amma babu wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta lamba uku.

Tun daga ranar, ba na barin a tashi taro sai na ɗaga kuɗin da hannuna kowa ya gani, na ce wannan ake nufi. Ina sa a buga farashin da lambobi a jikin kowane tikiti, kuma da tsakar rana ina zagawa na ƙirga abin da ke hannun kowane mai sayarwa. Akwai masu cewa hakan rashin yarda ne da ƴan'uwa. Suna da damar faɗin haka, tun da ba su ne suka biya ba. Naira kuwa ba na yarda a karɓe ta a rumfuna, mutum ɗaya nake zaunarwa a bakin ƙofa yana canji, domin farashinta na safe ba lallai ya kai yamma ba.

Kuskure na biyu shi ne wurin ɗaure ragon. Sabon kwamiti yana son kowa ya ga dabbar don a sayi tikiti, sai a yi masa wanka, a rataya masa ƙyalle a wuya, a ɗaure shi a jikin ƙarfen rumfar manyan baƙi. Rago dai bai san biki ba. Muna cikin jawabin maraba, matan zumunta suka shigo da ganga da kacau-kacau da guɗa, dabbar ta zabura ta fizgi ƙarfen, tamfol ɗin ya rufto kan Fada da wakilin mai gari da sistoci biyu, tukunyar zoɓo ta kife a kan farar rigar mai gabatarwa. Makirufo yana buɗe a ƙarƙashin tamfol, saboda haka duk unguwar ta ji wata dattijuwa tana cewa, “Fada, ranka ya daɗe, ƙafata ka taka,” shi kuma yana ba ta haƙuri da Faransanci. Yara suka bi ragon har bayan kasuwa yana jan ƙarfe. An yi dariya, har yau ana yi, amma ni ne na je wurin mai hayar rumfa washegari, kuma shi bai ga abin dariya ba. Ku ɗaure rago a gindin dogon yaro, nesa da makaɗa, da igiya sabuwa, ku ajiye masa harawa da ruwa, ku ba babban mutum amanarsa. Kada ku ba yaro, domin da an fara rabon alewa ya tafi.

Makirufon nan ma abin tsawatarwa ne. Wanda ya gama magana ya kashe shi. Mun taɓa jin shugabar masu girki tana lissafa waɗanda ba su biya kuɗin gudummawa ba, suna bayan suna, alhali tana tsammanin da mataimakiyarta kaɗai take magana, kuma biyu daga cikinsu suna zaune a layin gaba.

Sai zaɓen rana, wanda ake yi ba tare da an buɗe kalanda ba. Babban cocin Maraɗi yana ɗauke da sunan Uwargidanmu ta Lurdu, wato Maryamu uwar Yesu, wadda ake bikinta ranar 11 ga Fabrairu, tunawa da bayyanar da aka yi imani ta yi a garin Lurdu na Faransa a 1858, kuma da yawa suna son sa kermes a kusa da ranar. Lokacin yana da daɗi, sai dai iskar hunturu tana cika abinci da ƙura idan ba a rufe ba, sannan azumin kwana arba'in yana iya riga ku shigowa, kamar a 2016 da Larabar toka, ranar fara azumin, ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu. Ba a gasa tsire a harabar coci ranar Juma'ar azumi. Masu zaɓen 15 ga Agusta kuwa, ranar bikin ɗaukar Maryamu zuwa sama, su sani tsakiyar damina ce, manoma suna gona, hadari kuma ba ya jiran a gama jawabi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mantawa da maƙwabta. Yawancin masu zuwa kallo da sayen tikiti Musulmi ne, tare muke zaman makoki da suna. Idan kuna so su ci abincinku da kwanciyar rai, ku kira mahauci Musulmi ya yanka dabbar, ku kuma bari a san shi ya yanka. Idan aka kira azahar ko la'asar a masallacin unguwa, a sauke kiɗa har a idar. Mai kula da lasifika da ya ce bai ji kiran salla ba, ni a take nake karɓe wayar daga hannunsa. A duba kuma kada bikin ya faɗa cikin watan Ramadan, in ba haka ba ku kaɗai za ku cinye dambunku.

Sauran ƙanana ne. A tanadi ƙananan kuɗi na canji tun mako guda kafin ranar. A gwada gurup, wato injin ba da wuta, a cika shi da esansi, domin wuta ta fi son ɗaukewa lokacin da mawaƙa suka ɗaga murya. A ƙirga kujerun aro a gaban mai su. Kada a buga littafin tikiti biyu masu lamba iri ɗaya, don rago ɗaya ba ya rabuwa tsakanin masu nasara biyu. A ɗiba wa masu girki rabonsu kafin a buɗe layi.

Ƴan kwamiti da iyalansu kuma kada su sayi tikiti, ko da niyyar taimako ne. Wata shekara matata ta sayi guda ɗaya ba da sanina ba, aka kira ƙaramar yarinya ta sa hannu a ƙwarya, ta zaro lambar matata, ni kuma ina riƙe da makirufo, dole na karanta da bakina. Babu wanda ya ce uffan, tafin ma mutum uku ne suka yi shi. A daren muka kira mahauci, aka raba naman gida-gida har ƙafafu, matata kuma ta yi kwana huɗu ba ta ce mini sannu ba.