Shawara ga masu gyaran injin manyan motoci na alfarma

'Yan uwa makanikai, in za ku taɓa injin Ferrari, Lamborghini ko Porsche, kada ku yi rowa a wuri biyu.

Na farko, kayan kulle kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji da rufe su) lokacin saita tamin, wato daidaita motsin bawul da na fistin. Na arha sau da yawa ba a yanka su daidai ba, kuskuren da ido ba ya gani. Da ka tada inji, tamin ya goce, fistin ya daki bawul, to asarar ta ninka kuɗin kayan asali sau da dama. Saya na asali, ko ku haɗa kuɗi da abokan sana'a ku mallaki saiti ɗaya, tunda kowane inji da nasa.

Sai sifanar auna ƙarfin ɗauri. Injunan nan galibi na alminiyom ne, zaren ramin noti ba ya jure wuce gona da iri. Ƙa'idar ISO 6789, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan irin wannan sifana, ta ce a sake gwada daidaiton awonta bayan wata 12 ko ɗauri 5,000, wanda ya riga zuwa. Ni dai in babu takardar gwaji, ba na saye.

Sauran sifanu na yau da kullum, matsakaitan farashi sun wadatar. Amma soket mai haƙora 12, nau'in da ake kira XZN, nemi mai ƙarfen kirki, don mai laushi yana cinye kan noti.