Ƙaiƙayi da ƙarancin jinin B12: kurakuran da na gaji da gani

Satin nan kaɗai mutum uku suka turo min hoton hannu ko ƙafa, wai in faɗa musu man da za su saya tunda sun ji nima ina da ciwon. Duk an ce musu jininsu ya yi ƙasa, duk suna susa kamar masu ƙazuwa, kuma duk sun kama hanyar da ta cinye min shekara biyu a banza. Toh bari in rubuta sau ɗaya in huta da maimaita magana. Ni ba likita ba ce, mai ciwo ce, abin da zan faɗa daga jikina na koye shi da kuma bakin likitar da ta gano min matsalar, Allah ya saka mata da alheri.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda a asibiti suke ce wa panishos anemiya. Ba rashin abinci ke kawo shi ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa wasu ƙwayoyi a bangon ciki, su ne masu samar da wani sinadari da ake kira intirinsik fakto, wanda shi ke riƙe hannun bitamin B12 ya kai shi can ƙarshen ƙaramin hanji inda jini zai ɗauka. In babu shi, ko rago guda ka cinye bitamin ɗin wucewa kawai zai yi. Kuma hanta tana da ajiyar B12 da kan kai shekara uku zuwa biyar, shi ya sa ciwon yake cin mutum irin cin gara, azara tana tsaye ana ganin lafiya lau alhali ciki ya zama gari.

Kuskure na farko, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne bin fata da magani a manta da abin da ke ƙarƙashinta. Nawa ya fara ne da hunturu, ƙaiƙayi a ƙwauri da bayan hannu, na ce bushewar fata ce. Hunturu ya wuce bai tafi ba. Sai gaɓoɓin yatsuna suka fara yin baƙi, tafin hannu ma ya yi duhu-duhu, ni kuma fuskata ta ɗashe saboda rashin jini. Kun san me wannan haɗin yake nufi a idon mata. A wani biki muna cin abinci a tire ɗaya wata 'yar uwar mijina ta kama hannuna ta juya shi, ta ce "Maman Abba, ke ma kin shiga layin masu shafe-shafen ne?" aka yi dariya, ni kuma wallahi ban taɓa sa man bilicin a jikina ba. Daga baya ne likita ta gaya min baƙin gaɓoɓin yatsu alama ce sananniya ta ƙarancin B12, kuma ta fi fitowa a jikin masu baƙar fata irinmu. Wato jikina yana ta nuna min da yatsa, ni ina ɓoye hannu a cikin hijabi.

Me na yi? Kemis. Yaron ya ba ni irin man nan mai haɗi uku, na ƙurji da na fangas irin su kyasbi da sitiroid duk a bututu ɗaya, ya ce "Hajiya kwana uku kin manta". Gaskiya ne na manta, na sati biyu. Ya dawo, na sake saya, ya dawo, na sake, har na daina ƙirga bututun. Sitiroid yana kashe ƙaiƙayi ko mene ne sanadinsa, shi ya sa yake yaudara, amma in aka daɗe ana shafawa fata tana yin siriri, nankarwa ta fito a inda bai kamata ba, kyasbi da makero su samu gidan zama. Duk sun same ni. A gefe kuma Gwaggo ta ce sanyi ne, maƙwabciya ta leƙa idona ta ga ya ɗan yi ruwan ɗorawa ta ce shawara ce, na sha jiƙo, na yi wanka da ganyen darbejiya har jikina yana ɗaci. Ban ce darbejiya ta cuce ni ba, amma lokacin da ta cinye min shi ne asarar.

Abin da ya kamata ku gane, shi wannan ciwon ba ciwon fata ba ne, kuma ba kowane mai shi ke susa ba. Ƙaiƙayin ta ƙofofi daban-daban yake shigowa. Akwai na jijiya, wanda ba ƙaiƙayi ba ne na gaske, ji za ka yi kamar kiyashi na tafiya ko ana tsira maka allurai ƙanana, yawanci a tafin ƙafa da yatsu, ka duba wurin fes babu ko ƙurji ɗaya, ka sosa har ka ji ciwo amma ba ka kai inda abin yake ba. Wannan ba man da zai taɓa shi, B12 ne jijiya take nema. Akwai na ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, don cikin da garkuwa ta lalata ba ya fitar da asid sosai, ayon kuma yana buƙatar asid kafin ya shiga jiki, kuma ƙarancinsa da kansa yana sa ƙaiƙayin jiki gaba ɗaya. Sannan akwai 'yan rakiya, saboda garkuwar da ta saba cizon mai gida ba kasafai take tsayawa a wuri ɗaya ba: ciwon tayiroid, wato halittar nan ta maƙogwaro da in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo, wanda in aikinta ya ragu fata ke bushewa ƙamas, da fararen tabo na bitiligo, da zubewar gashi kwabo-kwabo. Masu matsalar tayiroid ɗin kuma sukan yi fama da borin jini mai zuwa yana dawowa. Ni nawa biyu ne suka haɗu, jijiya da ayon. Na wata daban ne. Shi ya sa in kun ce in ba ku sunan mai nake jin kamar in yi kuka.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma a nan dan Allah ku bar ni in yi faɗa. Da an ce jini ya yi ƙasa sai mutum ya ruga ya sayi tonik da folik asid, babu wanda ya tambaya wane irin ƙarancin jini ne. Haba jama'a! Ƙarancin jini kala-kala ne, akwai na ayon, akwai na maleriya, akwai na sikila, akwai na B12, ba a yi musu kuɗin goro. Folik asid yana iya gyara jinin mai ƙarancin B12 a takarda, PCV, wato lambar yawan jini, ya hau, kowa ya ce Alhamdulillah, alhali jijiyoyi suna can suna lalacewa ba mai gani. Haka ya faru da ni. Wata takwas ina sha kullum, jinina ya hau, har aka yi min barka. Ranar da na tsorata ina dawowa daga kasuwa ne, yarinyata ta ce "Mama ina silifas ɗinki ɗaya?" na duba ƙasa, ƙafata ɗaya tsirara a kan ƙasa mai zafi, ya fita tun a bakin layi ban ji ba. Sannan na lura in ina wanke fuska na rufe ido sai in yi tangaɗi in dafa bango, in an ɗauke wuta da dare kuwa tafiya a tsakar gida sai da lalube kamar gidan baƙi. Harshena ya yi sumul ja-jawur, yaji kaɗan ya hana ni cin abinci. Mantuwa kuwa, sai in sa gishiri sau biyu a miya. Ina da shekara talatin da ɗoriya furfura ta cika min gaban kai.

Likitar da ta gano, hannuna ta fara kamawa, ta ce in fito da harshe, ta ce in tsaya in haɗa ƙafa in rufe ido, ta riƙe ni kafin in faɗi. Sai ta ce "Malama, wa ya ba ki folik asid?" Kunya ta hana ni cewa ni na ba kaina.

Gyaran a nan shi ne a ɗebi jini tukunna kafin a sha komai. Ba PCV kaɗai ba, a yi cikakken gwajin jini a duba girman ƙwayoyin, lambar da suke rubuta MCV, in ta haura 100 akwai magana. A auna B12 ɗin kansa, a auna feritin don ayon, a duba tayiroid. Akwai kuma gwajin garkuwar da ke yaƙar intirinsik fakto, in ya nuna akwai to kusan an tabbatar, amma in bai nuna ba bai wanke mutum ba, don kusan rabin masu ciwon ba ya kama su. Kuma kar ka je kemis a yi maka allurar B12 yau gobe ka tafi gwaji, za ta cika jinin lambar ta fito da kyau ka biya kuɗi a yi maka ƙarya. Amma in ƙafa ta riga ta fara mutuwa, a ɗebi jinin a fara allura ba sai an jira sakamako ba, jijiya ba ta jira. Yatsun ƙafata biyu na hagu har yau ba su dawo daidai ba.

Sai masu daina allura da sun ji sauƙi. Wannan na yi shi sau ɗaya, na wata biyar, saboda ƙyashin kuɗi da kuma wata da ta ce min wai jiki zai saba. Ba sabo ba ne, cikin ne ba zai koma yadda yake ba, maganin na har abada ne. Da farko ana jera allurar kusa-kusa, daga baya a koma ta riƙo, mai suna haidiroksokobalamin duk wata biyu zuwa uku, sayanokobalamin kuma yawanci duk wata, miligiram ɗaya. Akwai waɗanda likita ke sa wa ƙwayar B12 mai ƙarfi sosai, don kamar kashi ɗaya cikin ɗari yana iya ratsawa ko babu intirinsik fakto ɗin, amma wannan hukuncin likita ne ba na mai kemis ba. Ni da na daina, kiyashin ƙafar ne ya fara dawowa kafin gajiya. Kar ku raina allurar nan. Kafin 1926 wannan ciwo kashe mutane yake yi, sunansa ma daga nan ya samo asali, don panishos na nufin mai halakarwa, sai da wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, George Minot da William Murphy, suka gano ɗura wa marasa lafiya hanta mai yawa, kusan ɗanya, kullum, yana ceton su, har suka samu kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Bitamin ɗin kansa sai 1948 aka iya ware shi. Ina ba da wannan labarin sai wata ta ce toh ai sai ta koma cin hanta. A'a Yaya, su don ba su da allura ne. Zoɓo, ugu da madara, zogale, alayyahu, ku ci abinku suna da amfani, amma ganye ba shi da B12, kuma naman da ƙwai da nonon da ke da shi ma ba ta hanyar da ta toshe za su bi ba?

Wani abin da ke korar mutane daga allurar shi ne ita ma tana iya kawo nata. Wasu wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi kwana ɗaya biyu, wasu ƙuraje irin na fuska su feso musu a goshi da baya, musamman lokacin da ake jera ta. Ni sun fito min a haɓa, suka tafi da kansu. Wannan a gaya wa likita ne, yana iya canja nau'in, ba a gudu ba. Wanda ba a wasa da shi shi ne in leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko borin jini ya rufe jiki bayan allura, nan asibiti za a nufa a take. Kuma wanda ya san jikinsa ba ya shiri da sinadarin kobal ya faɗa tun kafin a fara, don akwai shi a cikin bitamin ɗin.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, da zarar an ba su sunan ciwo shikenan ko sauro ya cije su B12 ne. In duk gidan ana susa da dare, tsakanin yatsu da kugu, ƙazuwa ce, a yi wa kowa magani a wanke shimfiɗa. In bayan shan kulorokwin ne, wannan tsohon labari ne a wurinmu. In ido ya yi ɗorawa sosai fitsari ya yi duhu, a duba hanta. Mai ciki da tafin hannu da na ƙafa ke mata ƙaiƙayi ta faɗa a wurin awo, kar ta jira. Allurar bi-kwamfles da ake yi a kemis ba ita ce maganin ba, kuma yawan B6 shi ma yana ɓata jijiya. Masu shan metfomin na suga ko omefirazol na olsa shekara da shekaru, su ma B12 ɗinsu na iya sauka ba tare da suna da wannan ciwon ba. Farin tabon bitiligo ba kuturta ba ne, ba a ɗauka, ku daina ware wa mutane kofi.

Ni dai yanzu abin da nake yi, ba na ce kowa ya bi ba. Na jefar da soson buhu, ruwan wanka ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba duk sanyin hunturu, ina fitowa tun jiki da damshi in shafe shi da man kaɗanya, farce kullum a yanke. Ina da ɗan littafi irin na 'yan firamare, in ƙaiƙayi ya taso in rubuta rana, da wurin, da ko akwai ƙurji ko babu, da kwana nawa ya rage allura. Da shi muka gane cewa kiyashin ƙafata yana dawowa ne kamar sati uku kafin lokaci, likita ta duba ta maida ni duk wata biyu maimakon uku. Baƙin yatsun ya ɗau wajen wata huɗu kafin ya washe. Waccan 'yar uwar mijin nawa da muka sake haɗuwa a suna ta kalli hannun ta ce "Au, kin daina kenan?"