Yadda ake haɗa tsofaffin kwamfutocin tebur su yi aiki tare

A shekarar 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutocin kasuwa guda 16 masu aiki da Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Amurka, suka sa su yin lissafi tare. Wannan tsari, wanda aka sani da Beowulf, shi ne ake bi har yau domin cin moriyar kwamfutocin da ofisoshi da makarantu suka jingine.

Kafin a taɓa waya, sai a tabbatar cewa aikin da ake nufi yana rabuwa kashi-kashi, kamar sarrafa dubban hotuna ko maimaita lissafi ɗaya da alƙaluma daban-daban, domin aikin da ba ya rabuwa ba zai ƙara sauri ba ko da an tara kwamfutoci hamsin.

A zaɓi kwamfutocin da ƙarfinsu ya yi kusa da juna, saboda a yawancin ayyuka masu sauri kan zauna suna jiran mai nawa. A kakkaɓe ƙurar cikinsu, a gwada ƙwaƙwalwarsu (RAM) da manhajar gwaji ta Memtest86+, a kuma sauya ƙaramin batirin CR2032 idan agogo yana ɓacewa. Daga nan a jona su duka da wayar sadarwa ta Cat6 a kan suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) mai gudun gigabit ɗaya. Wi-Fi bai dace da wannan aiki ba.

Ɗaya daga cikinsu za ta zama uwa, sauran kuma ma'aikata. A saka musu Debian (wani nau'in Linux) iri ɗaya, a ba kowace adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a kan hanyar sadarwa) na dindindin, a rubuta sunayensu da adireshinsu a fayil ɗin /etc/hosts, sannan a buɗe asusu mai suna ɗaya da lambar UID (lambar shaidar asusu) ɗaya a kan kowace. A nan masu farawa suka fi tuntuɓe, domin idan lambobin suka saɓa, jakar da uwa ta raba ta hanyar NFS (tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci) za ta ƙi karɓar rubutu. A samar da makullin SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa) yadda uwa za ta shiga sauran ba tare da kalmar sirri ba, a saka Open MPI (manhajar da ke sa kwamfutoci su yi aiki ɗaya tare), a jera sunayen kwamfutocin a fayil ɗaya, a umarci mpirun, wanda ke zuwa tare da Open MPI, ya gudanar da hostname, umarnin da ke sa kwamfuta ta faɗi sunanta. Idan kowace ta amsa da sunanta, haɗin ya yi.

Saura lissafin wuta, wanda a ganina shi ne ke yanke hukunci. Kwamfutoci goma da kowace ke jan wat 100 suna cin kilowat guda, kuma duk wannan zafi ne zai zama a cikin ɗakin, saboda haka ana bukatar iska mai ratsawa, da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) aƙalla ga uwar, tunda a kanta fayilolin kowa suke.