Kurakuran da ake yawan yi wurin siyan regileta ta keg

Toh masu son yin zoɓo ko lemon citta mai gas a gida, irin wanda yake cizon harshe kamar na kwalba, maganar nan taku ce. Kayan aikin ɗaya ne da na masu haɗa giya a gida a Amurka da Turai: silindar gas ɗin CO2, regileta, tiyo, sai keg (tankin ƙarfe da ake zuba abin shan a ciki) irin na Cornelius mai lita 19, wanda dama asalinsa na kamfanonin lemo ne. Kuma a kan regileta aka fi tafka ɓarna.

Na farko dai, regiletar gas ɗin girki ba ta yi ko kusa. An yi ta ne ta fitar da abin da bai wuce milibar 30 ko kusa da haka ba, ƙarfi ɗan kaɗan kenan, ita kuwa silindar CO2 tana ɗauke da psi 800 zuwa sama (psi ma'aunin ƙarfin matsin gas ne). Bakin ma ba zai shiga ba, amma sai ka ga mutum ya nufi wurin mai walda a yi masa dabara, dan Allah a bari, wasa da rai ne. Ta walda ma da yawa ba ta yi, don agogonta lita nawa ke wucewa a minti yake nunawa, kai kuma ƙarfin gas ɗin da ke cikin keg kake son gani.

Sai zaren baki. Wannan ya sa mutane da yawa sun yi asarar kuɗin oda, ka jira kaya sati uku su iso ka zo ɗaurawa ya ƙi. Ta Amurka CGA-320 ce, ta Turai galibi W21.8, ta nitirojin a Amurka kuma CGA-580. Ka fara duba bawul ɗin silindarka, ko ka tambayi mai cika maka gas, sannan ka siya. In ta ƙi shiga da hannu kar ka tilasta mata da sifana.

Inda na fi so a kula shi ne iyakar ƙarfinta. Masu giya psi 10 zuwa 12 ya ishe su in abin yana firij, shi ya sa za ka samu regileta da ta tsaya a psi 30. Lemo kuwa yana son 30 zuwa 40, kenan in ka ɗauki waccan kullum a ƙarshen ƙarfinta za ka riƙa aiki kuma zoɓon ya fito lami kana ta zargin gas. Nemi mai kai psi 60. Kuma a sanyaya abin sha sosai tukun, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe gas kamar mai sanyi.

Agogo na biyu a jikin regileta, mai nuna ƙarfin silinda, yana ruɗin mutane. CO2 ruwa ne a ciki, allurar ba za ta sauka ba sai ruwan ya ƙare, ranar da ka ga ta fara faɗuwa to gas ya kusa tafiya. In kana son sanin abin da ya rage ɗora silindar a sikeli ka cire nauyinta na babu komai, yana buge a wuyanta.

Wata regiletar kuma ba ta zuwa da bawul mai hana komowa, sai zoɓo ya biyo tiyo ya shige cikin regileta, sukari ya bushe a ciki shikenan ta fara wasa da lamba. Ƙaramin abu ne, sa shi. Haka wosha ɗin roba da ke tsakanin regileta da silinda, ita ce ke toshe yoyo, naɗa farin tef a zare ba ya maye gurbinta. In ka gama ɗauri shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa ka duba, don CO2 ba ya wari kuma in ya taru a ɗaki rufaffe yana shaƙe mutum.

Silinda kuma a tsaye, a ɗaure ta da sarƙa ko igiya. In ta kwanta ruwan gas ɗin ke shiga regileta ya daskarar da ita. Sannan zafinmu na Afrilu, da zarar ya kai digiri 31 ƙarfin cikinta ya haura psi 1000, kar a bar ta a but ɗin mota ko a rana, inuwa mai iska ake ajiye ta.