Kurakuran da baƙi suka fi yi a Tokiyo, daga kwanon taliya zuwa Dutsen Takao

Kuskuren da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya leƙa kwanon ramen, taliyar Japan mai romo, bai ga tsoka ba, ya yi bisimilla ya hau ci. Ai ba a saman kwanon matsalar take ba, a romon take. Wanda ake kira tonkotsu ƙashin alade ne aka dafa tsawon sa'o'i har ruwan ya yi fari kamar madara. Na shoyu ma, mai romon waken soya, galibi da yankan naman alade ake kawo shi, haka cikin gyoza, ɗan ƙullin fulawa mai nama a ciki. Ka haddace wannan alamar, 豚, ita ce alade, ka riƙa duba ta a jikin leda. Akwai kuma mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da ke shiga miya iri-iri, har da romon taliyar soba. Mafi sauƙi ka nemi gidan abinci mai shaidar halal, akwai su a unguwannin Asakusa da Shin-Okubo. Babban masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara yana da kantin kayan halal, sai ka haɗa Juma'a da cefane.

Masu zuwa kasuwar kifi ta Tsukiji da la'asar kuwa, rufaffun rumfuna suke tararwa. Tun 2018 aka mayar da babbar kasuwar zuwa Toyosu, wadda ta rage a waje kuma ta safe ce.

Sai Dutsen Takao. Tsayinsa mita 599 ne kacal, jirgin layin Keio daga tashar Shinjuku da ke cikin Tokiyo zuwa tashar Takaosanguchi bai cika awa guda ba, shi ya sa ake raina shi. Mutum ya yi barcinsa, ya iso da azahar sanye da takalmin zuwa biki. Hanyar hawa ta 1 shimfiɗaɗɗiya ce, tana bi ta haikalin Yakuo-in da aka kafa a shekarar 744, amma farkonta hawa ne sosai, sai ka ga ƙato yana haki riƙe da ƙugu. Mai ciwon gwiwa ya shiga jirgin da igiya ke ja, ya rage rabin wahala. Hanya ta 6 ta fi min daɗi domin rafi take bi cikin inuwar itatuwa, sai dai akwai santsi da taɓo, tana son takalmi mai kama ƙasa. A Nuwamba da Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:30, dajin kuma yana riga gari yin duhu. Ka fito da sassafe, a ranar aiki. Asabar ko Lahadi cikin Nuwamba, lokacin da ganye ke yin ja, cunkoso har saman dutse, kamar kasuwar jajibirin salla. In kana son hango Dutsen Fuji, safiyar hunturu ce lokacinsa. Da bazara hazo kan ɓoye shi.

A gindin dutsen ana sayar da tororo soba, taliya da gurzazziyar doyar daji mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ka tambayi abin da ke cikin romon kafin ka zauna.

Kada ka nemi kwandon shara a hanya, da wuya ka samu. Ka riƙe leda a jaka, ka koma da shararka masauki. Ka kuma tanadi tsabar kuɗi, ƙananan rumfuna ba duka ke karɓar kati ba.

Ni kaina na yi nawa. Na gama cin abinci a wani ɗan shago, na bar canji a kan tebur da nufin ihsani. Ban yi taku ashirin ba sai ga dattijuwar da ta kawo min abincin tana sassarfa a bayana, tana rusunawa, kuɗin a tafin hannayenta biyu. Ita a ganinta mantuwa na yi, domin a can ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici. Na karɓa, ni ma na rusuna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.