Yadda Ake Amfani da Magungunan Gargajiya Wajen Sauƙaƙa Ciwon Fuka

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, masu ciwon fuka, wanda wasu ke kira asma, sukan shiga mawuyacin hali: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da fito, tari kuma ya hana barci, musamman gab da asuba. Abin da ke faruwa shi ne hanyoyin iska na huhu suna kumbura, naman da ke kewaye da su ya tsuke, majina kuma ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 262 ne ke ɗauke da wannan ciwo. Itatuwa da tsirrai suna da amfani a nan, amma amfaninsu yana wajen tausasa maƙogwaro, rage tari da taimaka wa jiki a kwanakin da ciwon ya lafa. Ba sa buɗe ƙirjin da ya riga ya toshe, don haka ana haɗa su ne da maganin shaƙa na asibiti, ba a maye gurbinsa da su.

A fara da citta, domin ita ce mafi sauƙin samu. A ɗauki ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a wanke, a daddatsa, a tafasa a ruwa kofi biyu na tsawon minti 10, sannan a tace. Idan ta huce ta zama mai ɗumi, sai a zuba zuma ƙaramin cokali ɗaya da ɗan ruwan lemun tsami, a sha kofi ɗaya da safe, ɗaya da dare. Zuma tana rage tarin dare, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Mai ciwon suga ya rage zumar, wanda kuma yake shan maganin tsinka jini ya tuntuɓi likita kafin ya lazimci citta ko tafarnuwa kullum.

Habbatus sauda ta cancanci a tsaya a kanta, ba don matsayinta a wajen Musulmi kaɗai ba, har ma don an gwada ta a kan masu fuka. A wani bincike da aka gudanar a Jidda, aka wallafa a 2017, an raba marasa lafiya 80 gida biyu. Rabinsu sun sha man habbatus sauda miligiram 500 sau biyu a rana har mako 4, kuma alamomin ciwonsu sun fi raguwa. Abin lura shi ne dukkansu sun ci gaba da shan maganinsu na asibiti, adadin man da aka ba su kuma bai kai ko kwatan ƙaramin cokali ba. A ganina wannan ne kuskuren da aka fi yi a gidajenmu, inda ake ɗura wa mutum babban cokali cike da mai bisa zaton yawan magani shi ne yawan waraka. 'Yan ɗigo a cikin zuma ko kunu mai ɗumi sun wadatar, mai juna biyu kuwa ta jira shawarar likita.

Baƙin shayi da gahawa suna ɗan sassauta ƙirji na 'yan sa'o'i, amma ƙarfinsu bai taka kara ya karya ba.

Duk maganin da ake ƙonawa a shaƙi hayaƙinsa, a guje shi. Mafi haɗari shi ne zaƙami, wanda a da har a Turai ana naɗa ganyensa kamar taba don masu fuka, aka daina saboda gubarsa tana jawo gushewar hankali, bugun zuciya da sauri, wani lokaci har da mutuwa. Sirace da ganyen turare ko man zafi ma yana tayar wa wasu da ciwon maimakon ya kwantar da shi. Haka nan a yi hattara da haɗe-haɗen kwalba marasa lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, domin an sha samun irinsu da aka cakuɗa da ƙwayoyin asibiti masu ƙarfi a ɓoye, waɗanda ke kumbura fuska, su hau da jini da suga.

Shan citta ba zai yi tasiri ba matuƙar ɗakin kwana cike yake da turaren wuta, hayaƙin icce da maganin sauro na ƙonawa. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da bargo a rana, a kawar da kyankyasai, a nisanta kaji da tattabaru daga inda ake kwana, a kuma rufe hanci da baki ranar da hazo ya yi kauri. Sabon magani kuma a gwada shi shi kaɗai na 'yan kwanaki, ta yadda idan ya jawo ƙaiƙayi ko ƙarin tari za a gane shi ne sanadi.

Idan ciwon ya tashi, ba lokacin ɗora tukunya ba ne. A zaunar da mara lafiya a miƙe, kada a kwantar da shi, a ba shi shuɗin maganin shaƙa na salbutamol, fesa ɗaya bayan kowane daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa fesa 10. Ga yaro, robar ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta aka cusa bakin maganin tana taimaka masa ya shaƙe shi sosai. In ya kasa ƙarasa jimla ɗaya saboda haki, ko leɓɓansa da faratansa suka canza launi, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk numfashi, a garzaya da shi asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya.